Kuɗin Tsibiri da Tsumman Kofur

Akwai wani akwati na katako a ɗakin maigidana, bai fi rediyo girma ba, mai aljihuna sirara da ake jawowa kamar faranti, kowanne an shimfiɗa masa koren ƙyalle. A ciki yake ajiye kuɗin wani tsibiri da ke can tsakiyar teku. Sunan tsibirin bai taɓa zama a bakina ba, ko da yake ya faɗa mini har ya gaji. Abin da na riƙe shi ne, a dā suna da sarakunansu, na ƙarshe ma mace ce, sai waɗansu masu ƙarfi suka zo ta ruwa suka sauke ta, sarauta ta ƙare daga nan. Kuɗin ne suka rage, da lambobin yabo irin waɗanda sarki ke rataya wa mutum a ƙirji.

Ni ban yi makaranta ba, rubutun da ke jikinsu da sawun kaza duk ɗaya ne a wurina. Da fuska na san su. Akwai sarki mai saje har haɓa, akwai wani mai dogon wuya kamar an ce ya tsaya a ɗauke shi hoto, akwai ita matar, mai kumatu, ta tufke gashinta a ƙeya. Waɗanda ya fi ji da su kuwa, wai ba ma kuɗin kashewa ba ne, na gwaji ne. Maƙeran kuɗi su buga 'yan kaɗan su kai wa sarki ya duba. In bai so ba, ko ya mutu kafin ya amsa, shi ke nan, ba za su shiga kasuwa ba.

Na ce masa, "Wato kuɗin da bai taɓa sayen ko gishiri ba?"

Ya ce, "Shi ya sa ya yi daraja."

Na ce, "To ni ma da ban taɓa shiga madafa ba, da yanzu ina cikin akwati a kan koren ƙyalle."

Tun yana soja ya fara. An tura su aiki ƙasar waje, can ya yi abota da wani sojan wata ƙasa, mai ba da magani, wanda ya ba shi guda ɗaya ranar rabuwa, ya haɗa masa da ciwon son abin. Da ya ajiye kaki muka dawo Zuru, sai ya mai da shi sana'a, irin sana'ar da ba ta kawo ko barkono. Yakan hau babur ya bi kasuwanni, Mahuta, Dirin Daji, har Sakaba, yana neman tsofaffin kuɗinmu, anini da kwabo mai huji da sule, a wurin tsofaffin mata da matan Fulani masu kitsa su a gashi. Ya naɗe ya kai gidan waya, ya aika wa mutanen da bai taɓa gani ba, su kuma bayan watanni su aiko masa da na tsibirin. Wani lokaci a shekara ba a sami ko ɗaya ba. Ya san waɗansu kwaikwayo ne, ya ware musu aljihun ƙasa. Ya ce ko a bataliya akwai masu cika layi.

Dokarsa ɗaya ce: ba a gogewa. Ba a ɗora yatsa a fuskar kuɗin, a gefe ake riƙewa, kamar mai sauke murfin tukunya da zafi. Sun yi baƙi, waɗansu sun yi kore-kore, waɗansu launin ƙasa kamar gindin tulu. Ni da na ƙare rayuwata ina dirje tukunya da toka da yashi, ganinsu kawai yana sa tafin hannuna ƙaiƙayi.

Yakan ce, "Magajiya, baƙin nan shi ne shekarunsa. Shi ne shaidar ba wanda ya dame shi tun da ya baro hannun maƙeri. Kika goge, kin feɗe masa fata, kuma ba ta tsirowa."

Magajiya yake kirana, shi da duk abokansa, don ni na riƙe matan bariki shekaru da dama. Ni ke raba faɗa a bakin famfo, ni ke bi layi-layi in ga wadda ba ta share ƙofarta ba.

Abin haushin shi ne, in ka cire akwatin nan, mutumin ba ya iya ganin ƙarfe ya wuce. Nasa lambobin na soja, da suke kira minda, da kan bel, da maɓallan riga, har mariƙin ƙofa, duk sai ya bi su da mai da tsumma sun ɗauki ido. Ba shi kaɗai ba ne. Garinmu kusan kowane gida akwai tsohon soja, ko hotonsa a bango, kuma duk cutarsu ɗaya. A wurinsu ƙarfe mai duhu raini ne ga mai shi.

Wanda ya fi kowa wannan cuta shi ne amininsa, Kofur. Tare suka yi noman golmo a gonar ubana, noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya shekara bayan shekara kafin a ba shi ita. Maigida ke nemana, Kofur yana cikin masu taya shi, kuma ya fi shi kunya mai tsawo, wannan ubana ya sha faɗa. Tare suka shiga soja. Maigida ya kai saja, shi kuwa ya tsaya a kofur, ya ce igiya biyu ta ishe shi ɗaure wando. Kunnensa ɗaya ya yi nauyi tun wata babbar bindiga da ta tashi kusa da shi. Sau ɗaya maigida ya buɗe akwatin a gabansa. Kofur ya leƙa ya ce, "Saja, wannan ƙazanta a gidan soja?" Maigida ya yi masa bayani, Kofur ya yi dariya har da buga cinya, aka rufe akwati, ba a sake buɗewa in yana nan ba.

Sai ciwo ya zo. Wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi ya zame daga kujera. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya tafi, ƙafa ta tafi, magana ta tafi. Aka bar masa ido, da hannun hagu mai rawa, da wani sauti daga maƙoshi, hm, hm, wanda yake yi in yana so, yake yi in ba ya so. Ni kaɗai ke rarrabewa, ni ma a idonsa nake karantawa.

Ba zan daɗe a kan wahalar jinya ba, duk wadda ta yi ta sani. A ɗaga, a wanke, a juya, a shanya shimfiɗa, kafin ta bushe an sake jiƙa wata. Namiji ne mai ƙashi, ni kuwa bayana ya riga ya gaji tun kafin ciwon. Babban ɗanmu yana aiki nesa, ya turo matarsa ta zauna da mu. Yarinya ce mai hankali da ƙarfin hannu, sai dai kunya ta yi mata yawa, in babba ya yi tari sai ta durƙusa.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali a farko shi ne ya ƙi ci. In na kai cokali sai ya datse haƙora ya kau da kai. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira fasto, na kira ƙannensa. Yana zubewa muna kallo, wuyan rigarsa yana ƙara faɗi.

Wata rana ina share ɗaki na matsar da akwatin, aljihun sama ya zamo waje. Na ga idonsa ya bi shi. Na jawo aljihun gaba ɗaya na ɗora masa a cinya. Ya sunkuya a kai kamar mai duba jariri. Na kai cokalin kunu bakinsa, ya buɗe, ya haɗiye, bai ma san ya yi ba.

Daga ranar haka safiyarmu ta zama. In na gama wanke shi, mu fito da shi ni da surukata mu zaunar a gindin gwaibar da ke ƙofar ɗaki, in ɗora masa aljihu ɗaya, in zauna da kwanon kunu. In ya tsayar da ido a kan guda, in kama gefensa in juya masa baya. Ni da na yi shekaru ina zagin kuɗin nan, sai ga ni na iya riƙe su fiye da kowa. Ba sonsu na fara yi ba. Su ke sa shi haɗiye abinci, kuma ba shi da bakin da zai kare su. Wannan kaɗai ya isa.

Sai tsaro ya dawo kaina. Na ɗaura makullin a igiya na rataya a wuya. Matan zumunta na coci in sun zo gaisuwa, hannu ke riga baki zuwa, sai na ce, "Da ido ake gani." Wata mai kawo mana nono ta roƙi ɗaya, wai za ta kai maƙera a huda mata, na ce ta ɗauki ƙwaryarta. Surukata da kanta na taɓa kama ta tsaye a kan aljihun da soso a hannu, ba ta taɓa ba tukuna, tana dai kallo kamar yadda nake kallo a dā. Na yi mata magana sau ɗaya, ba ta bukaci ta biyu ba. Ko bayan gida zan shiga sai na waiga. Mutane suka ce Magajiya ta ƙara tsanani da tsufa. Su ce.

Abokansa kuwa, farkon ciwon suna cika tsakar gida. A hankali suka janye, ban kuma ga laifinsu ba, zama da wanda ba ya amsawa aiki ne. Kofur ne kaɗai bai daina ba, ko da yake shi ma sai a daɗe ba a ji sandarsa a zaure ba. In ya zo ya ba da labari biyu uku, ya rasa abin yi da hannunsa, sai ya tashi.

Akwai abin da tsofaffin sojojin garinmu ke yi wa junansu. In ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta matso, a farkon shekara, wanda ciwo ya kwantar ba a barin kayansa haka. Abokinsa zai zo ya goge masa minda da bel da takalmi, ranar kuma a sa masa kaki, a tura shi filin fareti ko a keken guragu ne. Babban abu ne a wurinsu. Wanda ba a yi wa ba, kamar an riga an binne shi ne.

Kofur ya zo da safe ya ce mini shi zai yi wa maigida wannan, ya tarar da aljihun a cinyar maigida. Ya tsaya ya dogara da sanda.

"Har yanzu ba a wanke waɗannan ba? Ke Magajiya, da kike sa mata sharar layi saboda baƙar tukunya?"

Na matsa ta wajen kunnensa mai lafiya na ce, "Kofur, waɗannan ba a gogewa. Ya hana."

"Na ji ki, ba sai kin fasa mini wanda ya rage ba. Ai ya sha faɗa. Ƙiwa ce ya sa mata rigar ilimi. Ƙarfe ƙarfe ne. Kuma sarki ne fa a jiki, ko ba ki gani ba? A bar sarki da dauɗa?"

"Sarkin ba naka ba ne. Mindarsa za ka goge, da takalmi. In ka taɓa waɗannan, ni da kai ne."

"Tun a gonar babanki kike yi mini wannan kurari, kina kawo mana fura kamar kina kawo sammaci. Me kika yi mini?" Ya juya ga maigida. "Saja, ka ji matarka? Jibi ina nan tafe da kayan aiki."

Maigida ya ce hm.

Washegari da sassafe aka zo aka ce yayata ta rasu a Mahuta. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ta goya ni. Ba tafiyar da ake aikawa ba ce. Na tsaya a tsakar ɗaki da makulli a hannu ina tunani. In na tafi da shi, mutumin nan zai yini bai sa komai a ciki ba, ga maganin da ba a sha sai an ci. Kofur kuma ya ce jibi, kuma soja ne, in ya ce jibi jibi ne. Na cire igiyar na rataya wa surukata.

Na ce, "Aljihun sama kaɗai. Ki ba shi kunu, ki mayar, ki kulle. Kowa ya zo ki ce Mama ba ta nan."

Ta ce, "To, Mama."

Aka yi abin da aka yi a Mahuta, aka sa ta a ƙasa. Dangi suka ce in kwana, na ce ina da majinyaci. Na sami mota, daga tasha na hau kabu-kabu, rana ta yi sanyi na iso gida.

Tun a zaure na ji warin man goge ƙarfe. Duk matar soja ta san warin nan, yana kama maƙoshi.

Kofur yana zaune a kujerar tsakar gida, ya baza tsohon buhu a gabansa. Takalman maigida a gefe suna walƙiya, ga bel, ga minda an jera. A ɗaya gefen kuma aljihunan akwatin ne, duka, har na ƙasa. Ban gane su ba da farko. Farare fat, jajaye jawur, kamar sababbin cokula a kasuwa. Mai saje, mai dogon wuya, ita matar, duk suna mayar da hasken yamma. Yana kan na ƙarshe, ya naɗe tsumma a yatsa, yana murzawa yana hura masa iska.

Surukata tana bakin madafa, idanunta sun kumbura. Daga baya ta ba ni labarin yadda aka yi. Kofur ya ji labarin rasuwar, ya ce tunda Magajiya ba ta nan, bai kamata a bar Saja shi kaɗai ba, bari ya zo yau. Ya tarar tana ba da kunu. Ya goge minda, ya goge takalmi, rana ba ta yi tsaka ba ya gama. Sai idonsa ya sauka a kan aljihun. Ta durƙusa ta ce, "Baba Kofur, Mama ta ce ba a taɓawa." Ya ce, "Mamarki ta faɗa mini ni ma. Je ki kawo sauran, ɗiyata." Ta sake faɗa, ya sake cewa ta je. Ta kira wayata, wayar tana cikin ƙullin zanena a gidan makoki. Aminin surukinta ne, sa'an kakanta, ya ce ta kawo har sau biyu. Ta kawo.

Ta ce Baba ya yi ta hm, hm, har jijiyar wuyansa ta tashi. Kofur ya ce, "Kin ji ko? Cewa yake in ƙara mai." Ta ce Baba ya ɗora hannun hagunsa ya rufe aljihun, Kofur ya kama hannun a hankali ya mayar masa a cinya, ya ce, "Huta, Saja. Ka yi naka. Yau ni ke aiki." Haka ya yini a gabansa, ɗaya bayan ɗaya.

A lokacin ban san duk wannan ba. Na ga abin da na gani ne kawai. Na jefar da jakata. Na san muryata, in na ɗaga ta ana ji daga layi zuwa layi, kuma na tara abin da zan faɗa tun daga golmo har yau. Na ce, "Kofur!"

Sai na ji bugu. Maigida ne ya doki hannun kujerarsa da hagu. Ya sake doka. Na juya. Fuskarsa a jiƙe, gaban rigarsa a jiƙe, amma idon a tsaye yake a kaina. Ya ɗauke shi ya kai kan hannuwan Kofur, ya dawo da shi kaina. Na bi na duba. Yatsun tsohon sun yi baƙi ƙirin, babban yatsan ya tsage yana ɗan jini. Kwanon tuwon da surukata ta ajiye masa tun rana yana nan a rufe.

Na san wannan kallon. Shi yake yi mini a bariki in na tashi tozarta wata a gaban jama'a, matar da ya san mijinta yana bakin daga. Ba ya yawan yi, in ya yi kuwa ba na wucewa.

Kofur ya ɗago yana murmushi, haƙoransa da suka rage duk a waje. "Magajiya, kin dawo? Ya haƙuri? Allah ya ji ƙanta, mace ce ta kirki, ta fi ki sauƙin kai. Zo ki gani. Kin ce ba sa goguwa? Da wuya dai, wannan matar ta kusa karya mini yatsa. Amma dubi."

Na haɗiye abin da ke bakina. Na ce, "Sannu da aiki, Kofur."

Ya dogara da sanda ya miƙe, ya haɗa ƙafa, ya sara wa maigida. Ya ce, "Aiki ya kammala, Saja." Maigida ya ɗaga hannun hagu kaɗan daga kan kujera. Kofur ya fita yana fito.

Ranar faretin aka sa masa kaki aka tura shi fili, aka dawo da shi. Kowa ya ce mindarsa ta fi ta kowa haske.

Safiyar da ta biyo baya na fito da shi gindin gwaiba, na ɗora masa aljihun sama kamar kullum. Rana ta doki kuɗin, hasken ya tsalle masa a fuska. Ya runtse ido, ya sa bayan hannu ya ture aljihun, saura kaɗan ya faɗi. Na ɗauki na matar na kai kusa da idona. Duk fuskar ta cika da ƙananan zane, kamar tsakar gida bayan shara. Silin gashinta da dā ake iya bi ɗaya-ɗaya sun haɗe. Sai ranar na ga abin da yake faɗa mini. Kunu ya huce a kwano.

Na sa aka kira ɗanmu a waya, na ce ya tambayi masu irin wannan sha'awa ko baƙin yana dawowa. Ya tambaya. Suka ce zai yi duhu da shekaru, amma ba irin na dā ba, zanen kuwa ya zauna ke nan. Na rasa dabara, har na ce wa maigida, "Saja, in rataye su a madafa su sha hayaƙi?" Ya dube ni, gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ja. Tun da ciwon ya same shi ban ga ya kusa dariya kamar ranar ba. Amma bai ci ba.

Surukata ta yi ta ba ni haƙuri har na ce ta daina. Me zan ce mata? Mu muka koya musu durƙuson.

Aka koma gidan jiya. Cokali biyu, uku, ya datse haƙora. Na gwada aljihun tsakiya, na gwada na ƙasa, bai ko kalla ba. Ga makokin yayata ban zauna na yi ba, ga wannan. Akwai safiyar da na ajiye kwanon a ƙasa na zauna kawai, ni da shi, ba mai kallon wani.

A haka muka ji sanda a zaure. Kofur ne, da gwangwanin mai a aljihu da sabon tsumma.

"Magajiya, fito da mutanena. Ƙarfe in ya saba da hannu ba a barinsa, sai ya fi dā lalacewa." Ya ga kwanon. "Wannan fa? Bai ci ba? Kawo." Ya karɓa, ya ja kujera har gwiwarsa na taɓa ta maigida. "Saja, buɗe baki. Oda ce. Yau kofur ke ba da oda, duniya ta juya."

Maigida ya dube shi, ya daɗe. Sannan ya buɗe.

Ya shanye kwanon. Kofur ya goge masa baki da gefen hannun rigarsa, ya juyo gare ni ya miƙo hannu. Na tsaya. Na dubi maigida, bai dube ni ba, ganyen gwaiba yake kallo. Na shiga ɗaki na kinkimo akwatin gaba ɗaya na ajiye a gaban Kofur.

Yanzu kusan kullum yana zuwa. Tsoho ya sami aiki. Dā in ya zauna kaɗan sai ya rasa abin yi ya tashi, yanzu sai rana ta take yake tafiya. Ya ba da kunu da oda, ya baza buhunsa, ya yi ta murza yana ba da labarin mutanen da suka mutu tun ba a haifi surukata ba. Ran da ƙafa ta hana shi fitowa, maigida cokali kaɗan yake karɓa, sai in aika a dubo shi. Makullin yana jikin akwati, ban ƙara ratayawa ba. Matan zumunta suna ɗauka su juya su ce kai, yanzu suka yi kyau.

Jiya ya ɗaga na matar ya nuna mini. Hancinta ya fara shafewa, idon ya zama ɗan gurbi kawai.

Ya ce, "Dubi matar nan, Magajiya. Kullum ƙara ƙuruciya take. Ke ma da za ki yarda in bi ki da tsumman nan."

Maigida yana haɗiye kunu yana kallon gwaiba. Ni ina bakin ƙofa ina tsince wake, bayana yana ciwo. Na ce masa ya matsar da gwangwanin, kada man ya ɗiga a kwano.